Warin Takalminki Yana Wurin Yayanki

Unguwar Zariya, Maraɗi

Zuwa ga ɗiyata Balki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Yamai lafiya, gajiyar mota ta sake ki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, Ya kau da idon mugu daga kanki. Amin.

Na cusa takardar nan cikin buhun busasshen zogalen da Gwaggonki Habsu ta ɗaure miki, don na san ba za ki kwance shi ba sai kin isa. Da a jakar hannu na saka ta, kafin mota ta wuce Tsibiri kin karance ta, kin ce wa direba ya tsaya za ki sauka. Na san halinki, domin wurina kika ɗauko shi.

Shekaranjiya da hantsi kina wanke wa yayanki hannu, kika ɗago kai kika ce mini, "Baba, in na daɗe can, mance ni za shi yi?" Na ce miki a'a, na tashi na shige ɗaki kamar mai neman wani abu. Ƙarya na yi miki. Ban so mai shekara saba'in da biyu ya yi wa ɗiyarsa guzuri da ƙarya ba, shi ya sa na zauna rubutu. Na kuma ji kina gaya wa gwaggonki cewa da kin samu ɗaki za ki dawo ki ɗauke shi, ki kai shi ga manyan likitoci. Zan ba ki amsar tambayarki, zan kuma roƙe ki ki bar wannan shawara. Amma sai na fara gaya miki kurakuraina, don ki san wanda yake ba ki shawarar ba mai hannu da tsabta ba ne.

Da aka haifi yayanki a Jiratawa ina da shekara ashirin da bakwai. Ɗan fari, kuma namiji, na yi ta hura hanci. Kafin a yi arba'in mata suka fara ƙus-ƙus. Jikinsa laƙwas, wuya ba ya tsayawa, harshe kullum a waje, idanun ba irin namu ba. Wata tsohuwa cikin danginmu na ƙauye, waɗanda har yau ba su bar tsafin kakanni ba, ta ja ni gefe ta ce, "Wanga ɗan ruwa na. A kai shi bakin gulbi, masu abu su ɗauki abinsu." Ban kai shi ba, amma kada ki ɗauka jarunta ce. Tsoron innarku na ji, Allah Ya jiƙanta. Abin da na yi shi ne ɓoye shi. Shekara bakwai, in baƙo ya yi sallama sai in ce a shiga da shi ɗaki.

Wata Juma'a innarku ta yi masa wanka, ta sa masa rigar da ta ɗinka masa da hannunta, ta tare ni a zaure ta ce, "Ko ka tahi da shi masallaci, ko in kai shi da kaina gari ya gani." Na tafi da shi ina cin magani. Da muka isa na kasa shigar da shi sahu, na zaunar da shi a bakin ƙofa cikin takalma, na ce kada ya motsa. Da aka sallame muka fito, sai muka tarar da takalman nan da aka watsar ko'ina an jera su wari da wari, kowanne bakinsa na kallon waje, mutum zura ƙafa kawai zai yi ya wuce. Liman ya ga yaron da ya yi aikin, ya tambayi ɗan wa ne. Sai da ya tambaya sau biyu na amsa.

Kin ga ke nan, aikin da duk Jiratawa ta san shi da shi, daga kunyata ya samo asali. Don haka in abokan aikinki na lakwal, malaman makarantar, suka tambaye ki ƴan'uwanki, ki fara da shi, ki faɗi yadda yake ba tare da sassauta murya ba. Duk wanda ya yamutsa fuska, kin san matsayinsa tun da wuri, kin huta.

Shekara talatin da ɗoriya yana bakin ƙofar nan, salla biyar. Bai iya ƙirga goma ba, bai san baƙi ko ɗaya ba, amma ko silifa iri ɗaya goma aka zube ya san na wane da na wane. Ni da nake rabon ruwa a gonakin noman rani, da littafi da agogo, sai in rikita layin manoma a kwana ana zagina. Shi bai taɓa rikita ƙafar kowa ba. Kin kuma tuna halinsa a gida, in baƙo ya kwanta masa a rai sai ya ɓoye masa warin takalmi don kada ya tafi. Kawunku na Tsibiri ya taɓa kwana biyu a gidanmu a kan haka, yana faɗa yana dariya.

Shekara shida da suka wuce, yana da talatin da tara, abin ya fara. Yau a ga ya haɗa baƙi da fari, gobe a ga ya jera hagu biyu. Na ce iskanci ne ya koya da girma. Na yi masa faɗa, na hana shi fura, na ce ya ga ana lallashinsa ne shi ya sa. Sai wata Juma'a wani baƙo, ɗan kasuwa daga cikin gari, ya fito bai ga warin takalminsa ba. Aka duba, sai ga shi a aljihun rigar yayanki. Mutumin ya ɗaga murya yana kiran ɓarawo. Jama'a suka taru suna ba shi haƙuri, suna gaya masa ko wane ne. Ni kuwa, uban da ya kamata ya tsaya a gabansa, na keta mutane na kwaɗa masa mari. Har yau tafin hannuna yana tuna laushin kumatunsa.

Bai yi kuka ba. Ya sunkuya yana duban takalman da ke gabansa, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye, sannan ya ce, "Baba, an musanya su. Ba su na ba." Shi a ganinsa takalman ne suka sauya. Ya sa na baƙon a aljihu ne don ya rasa inda zai ajiye shi, yana tsoron ya ɓace. Wannan sai daga baya na gane, bayan ganewar ba ta da amfani.

Balki, in mutumin da ya shekara talatin yana abu ɗaya daidai ya fara kuskure, ba rashin kunya ya koya ba, wani abu ne ya same shi. Ki tambayi abin da ke ciwo kafin ki tambayi wa ya yi laifi. Za ki tsaya gaban yara sittin a aji da alli a hannu, kuma kina da zafin zuciyata. Ki tuna da marin nan kafin ki ɗaga hannu a kan ɗan wani.

Bayan haka na yanke cewa iska ce, ko kuma an yi masa jifa. Shekara kusan biyu muna yawo. Ya sha rubutu har cikinsa ya kumbura, an turara shi da hayaƙi har ya riƙa tari, an rataya masa layu kamar buhun da za a kai tasha. Ban ce addu'a banza ce ba, Allah Ya tsare bakina. Amma ni ba don Allah kaɗai nake yawon ba, so nake wani ya ce mini ga wanda ya yi, in samu wanda zan tsana. A ƙarshe, ni da nake sahun gaba a masallaci, na ɗauki baƙar kaza a ɓoye na kai shi wurin wata tsohuwa mai bori a wani ƙauye bayan Tsibiri.

Ba ta kaɗa komai ba, ba ta kira kowa ba. Ta sa shi ya yi tafiya daga bakin rumbu zuwa inda take. Ta duba furfurar kansa, ta murza fatar hannunsa, ta ba shi ludayi ta ga yadda ya juya shi yana neman ta inda ake kamawa. Ta ce mini, "Malam, shekarunai nawa?" Na ce arba'in da ɗaya. Ta girgiza kai ta ce, "Wanga ya girme ka. Babu iska bisa kainai, tsuhwa ta. Ɗauki kazarka, ku tahi gida a dama mishi hura mai laushi, a bar ja mishi rai." Na fito ina cewa tsohuwar ce ta ruɗe. Ɗana zai girme ni? Ashe ita kaɗai ce ta gaya mini gaskiya a duk yawon, ta kuma ƙi karɓar ko gashin kaza. In wanda kika raina ya gaya miki magana mai ɗaci, ki ɗan riƙe ta kwana biyu kafin ki zubar.

Sai innarku ta rasu, na kuma yi babban kuskurena, wanda saboda shi nake roƙon ki. Bayan an share makoki na ce za mu bar Jiratawa mu dawo nan unguwar Zariya. Dalilaina masu kyau ne, irin naki na yau. Ga asibiti kusa, ga famfo a tsakar gida, ga bayi na siminti. Gwaggonki ta ce, "Isuhu, bar shi inda ƙahwatai ta sani." Na ce mata mace ba ta san tsari ba. Rana ɗaya na loda kaya a mota muka taho.

Abin da ban sani ba, kansa ya riga ya saki abubuwa da yawa, ƙafafunsa ne suke riƙe masa da su. A can ƙafa ta san hanyar randa, ta san hanyar bayi, ta san kwanar da ake yi a kai masallaci, ta san gonar zogale. A nan kuwa kowane lungu kamar ɗan'uwansa, kowace ƙofa ta ƙarfe ce mai shuɗin fenti. Kin tuna yadda yake tsayawa a tsakar gida yana juyawa har fitsari ya kufce masa. A rana ta tara ya fita bayan azahar, ba wanda ya gani. Kin tuna gudun da muka yi, ke kin nufi kasuwa ba ko mayafin kirki, ni ina bin masallatai ɗaya bayan ɗaya. Dab da magariba wani ɗan kabu-kabu mutumin Jiratawa ya kawo shi. Ya tsince shi can bayan gari ya miƙi hanyar gida, takalmansa a hannu, tafin ƙafarsa duk jini. Daga ranar bai sake zuwa bayi da kansa ba sai da aka yi wata da watanni, kalmominsa kuma rabi suka zube ba su dawo ba.

Shekara huɗu ke nan, da ƙyar hannunsa ya koyi bangon nan. Kin ga baƙin layin da tafinsa ya yi a jikin fenti daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayi. Wannan layin shi ne duk abin da ya rage masa na sanin duniya. In kika ɗauke shi kika kai Yamai, kwana guda a mota, sabon ɗaki, sabuwar ƙara, ke kuma kina lakwal tun safe, to kin raba shi da shi, kuma ba shi da sauran ƙarfin koyon wani. Na ma yi tunanin mayar da shi Jiratawa, likita ta ce a'a, yanzu can ɗin ma baƙon wuri ne a gare shi. Don girman Allah, Balki, kada ki ɗauke shi. Na san ƙauna ce ke sa ki. Ni ma ƙauna ce ta sa ni, ga abin da ta haifar.

Ɓatan nan ne ya sa na yarda muka je asibiti, inda ya kamata in fara zuwa tun ranar marin. Ke kina lakwal ranar, kuma da na dawo ban gaya miki rabin abin da aka ce ba. Likitar yarinya ce, ba ta fi ki da yawa ba, har na so in raina ta. Ta zaunar da ni ta ce yanayin da aka haife shi da shi sunansa tirisomi, ba aikin ruwa ba ne, ba laifin uwa ko uba ba, wani ƙari ne a cikin ginin jiki tun daga ciki. Ta ce ƙarin nan shi ne kuma yake sa ƙwaƙwalwarsu ta tsufa da wuri, ta yadda ruɗewar da ke kama wasu tsofaffi can a ƙarshen rayuwa, su da yawansu tana kama su daga arba'in zuwa sama. Na tambaye ta magani. Ta ce, "Baba, ba ni yi maka ƙarya. Ba ya warkewa, gaba yaka yi. Amma akwai abin da muka iya ragewa." Na zauna ina jin maganar tsohuwar bayan Tsibiri tana fitowa daga bakin mai farar riga.

Ta leƙa kunnuwansa ta tarar da su a toshe tam da dauɗa. Ta ga farar yana ta lulluɓe masa idon hagu. Aka ɗebi jini aka ga wata halitta da ke wuyansa ta yi sanyin aiki, ita ce dalilin ƙaramar ƙwayar da kike ba shi kowace safiya. Wato cikin shekarun da nake daka masa tsawa ina cewa ya raina ni, rabin maganar ba ya ma jin ta. Ranar da aka wanke kunnen ya ji kiɗa a rediyo ya yi dariya, ni kuwa na fita waje don kada ki ga fuskata. Ki riƙe wannan: ba kowace lalacewa ce ta babbar cutar ba. In na kira ki na ce ya ƙara rikicewa, kada ki ce ai dama. Ki matsa mini in kai a duba kunne, da haƙori, da fitsari, da ciki, domin ba ya iya cewa ga inda ke yi masa ciwo.

Ga abin da na ɓoye miki. Likitar ta ce farfaɗiya tana iya zuwa, ta kuwa zo da daminar bara, kin gani da idonki. Ta ce wata rana haɗiya za ta yi masa wuya, ya riƙa ƙwarewa ko da ruwa. Ta ce ƙafa za ta daina ɗaukarsa, baki ya yi shiru, ya koma kwance. Ba ta faɗi yaushe ba, ta ce wannan sanin Allah ne. Tarin da yake yi kwanan nan in yana shan kunu, ba mura ba ce kamar yadda na ce miki.

Akwai kuma inda ke kika fi ni hankali, ban taɓa faɗa ba. Da ya fara tambaya "Ina Inna?" ni nakan ce masa ta rasu, mun kai ta kushewa, ya yi mata addu'a. Sai ya faɗi ƙasa yana birgima yana kuka kamar yanzu aka fito da gawar. Gobe ya manta, ya sake tambaya, in sake gaya masa. Ban san sau nawa na kashe masa uwa ba. Ke kuwa sai ki ce, "Ta tahi Tsibiri biki, tana nan zuwa," ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Na yi miki faɗa na ce ba a ƙarya a gidana. Kika ce, "Baba, kai sau guda kay yi zaman makokinta. Shi kullum sai ka sa shi ya yi sabo." Na ce ki rufe mini baki. To, yau na buɗe nawa, ke ce da gaskiya. Ni ma yanzu Tsibiri nake ce masa, in akwai zunubi a ciki na ɗauka. Da ya koma kiran ki Inna, na ga yadda abin ya soke ki, amma kika amsa. Ki ci gaba da amsawa. Gyara masa ba ya dawo da komai, tsoro kawai yake ƙara masa.

Na ƙarshe a kansa shi ne wanda ya fi yi mini nauyin rubutawa. Kin lura tun farkon takardar nan yayanki nake ta cewa. Ɗan fari ne, kuma mu an tashe mu a kan cewa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Na riƙe al'adar nan da hannu biyu, kuma in zan faɗi gaskiya ta yi mini daɗi, domin ta rufa wa waccan kunyar tawa asiri. Shekara arba'in da biyar, "kai" nake ce masa, ko "yaro". Likita ta ce in za a yi masa magana a tsaya a gabansa, a kama hannunsa, a fara da sunansa, don suna yana cikin abin da ke daɗewa bai goge ba. Na ce to, na bar miki wannan aikin.

Kin san tun bara bai san ni ba. "Malam" yake ce mini, in na shigo ya matsa mini gefen tabarma kamar baƙo. Watan jiya, ranar da kika je karɓar takardar aikinki, ya ƙi shan kunu. Na ce kai, na ce yaro, ko kallo ban ishe shi ba. Gidan ba kowa sai mu biyu. Na durƙusa a gabansa, na kama hannunsa. Da ƙyar na ce, "Lawali."

Ya juyo. Ya ce, "Na'am." Ya daɗe yana duban fuskata, sannan ya ce, "Malam, wa ya hwaɗa maka sunana?"

Ni na raɗa masa shi a kunne ranar da ya cika kwana bakwai. Ban sake faɗa ba sai ranar, bayan ya daina sanin wanda ke kiran. Ya sha kunun. In Allah Ya ba ki ɗan fari, ki yi kunyarki a gaban surukai in kin ga dama, ban hana ki ba. Amma in kun shiga ɗaki ki kira sunansa har ya gaji da ji, ki kuma sa ubansa ya kira.

Saura laifina a kanki. Tun rasuwar innarku na sauke miki komai, wanka, wanki, ciyarwa, kwasar abin da ba a faɗa. Ni ina zaure da carbi ana cewa Malam Isufu mai haƙuri. Sau biyu takardar aiki tana fitowa kina mayarwa, ban ce ki tafi ba, ban ce ki zauna ba, na yi shiru don shirun ya fi mini riba. Shekarunki ashirin da bakwai, bayanki har ya fara ciwo irin na tsofaffi. Wannan karon ki tsaya a aikinki. Gwaggonki Habsu ta kwaso kayanta ta dawo ɗakinki, ya kuwa san muryarta tun yana yaro. Wanka ni nake yi masa yanzu, kin ga na koya, ko da yake kin ce ina zuba ruwa kamar mai ban ruwan albasa. In Allah Ya ɗauke ni kafin shi, na gaya wa gwaggonki da kawunku a bar shi a ɗakinsa, a zo masa, kada a kai shi ko'ina.

Yanzu amsar tambayarki. E, zai manta ki. Wataƙila kafin hutun farko, wataƙila bayansa. Kuma ko kin zauna kin ƙi tafiya zai manta ki, kamar yadda ya manta ni ina kwana ɗaki ɗaya da shi. Tafiyarki ba ita za ta jawo ba, zamanki ba zai hana ba. Kada ki bar kowa ya ɗora miki wannan, har ke kanki.

Amma ga abin da na gani. Jiya kin juye gidan nan kina neman warin baƙin takalminki na zuwa lakwal, kin zargi akuyar maƙwabta, kin zargi gwaggonki da kwashe shi cikin shara. Da na je kakkaɓe masa tabarma bayan la'asar, sai ga shi a ƙarƙashi, ta wajen kai, an naɗe shi cikin tsohuwar hularsa. Shekara uku rabon da ya taɓa takalmin kowa. Nasa ma a juye yake sakawa, nawa kuwa tsallake su yake yi. Ba wanda ya gaya masa za ki tafi, akwati kawai ya gani a tsakar gida. Sunanki ya ɓace masa, amma cikin duk takalman Maraɗi akwai guda ɗaya da ya san mai shi, ya kuma san ba ya so ta fita.

Na mayar da shi inda na same shi, na gyara tabarmar. Ɗayan warin da kika jefar bayan randa don haushi, na ɗauko na goge, yana ƙasan buhun nan, ki zura hannu za ki ji shi. Ki adana shi. Ranar da za ki zo hutu, kada ki shigo kina cewa "Yaya, ka gane ni?" Tambayar nan tsorata shi take yi. Ki ajiye warin a bakin ƙofarsa, ki zauna a inda zai gan ki, ki jira. Ban yi miki alkawarin komai ba, na gama yi miki ƙarya. In ya ɗaga tabarma ya ɗauko nasa ya haɗa su, to ki gode wa Allah. In bai ɗauko ba, ki sani ranar da kika tafi ya yi iyakar abin da ya iya don ya riƙe ki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki fita lafiya ki dawo lafiya. Allah Ya jiƙan innarku. Allah Ya sassauta wa yayanki abin da ya rage masa, Ya yafe mini abin da na yi masa da sani da rashin sani. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce kada ki bar zogalen ya sha danshi. Ki yi ta yi mana addu'a, mu ma muna yi miki.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Isufu, baban Lawali